Jinya a Ƙasar Baƙunci

 

Kalmar nan Jubili da a ke ta ambato tun da safe, asalinta daga bakin Ibraniyawa ne, tana kuwa cikin Littafin Firistoci, sura 25. Can aka umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, watau 49, a ta 50 kuwa a busa ƙaho ko'ina cikin ƙasar. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado, sai a mayar masa da abinsa. Wanda bashi ya kai shi bauta, sai a sake shi ya tafi wurin danginsa. Ashe Jubili shekarar komawa gida ce.

To, ku duba kujerun nan. Akwai waɗanda ya kamata a ce suna zaune cikinmu yau, ba su nan. Waɗansu sun tafi cin rani Kano ko Ikko, waɗansu suna Kwatano, ko Kumasi, ko Abijan, waɗansu sun bi hanyar Agadas sun haye hamada zuwa Libiya ko Aljeriya. Akwai ɗalibai, akwai direbobi, akwai masu bishara da aka aika. A cikinsu kuwa ba a rasa wanda ya ke kwance yanzu haka a ɗakin haya, jiki yana rawa, ba mai miƙa masa ruwa, matarsa tana nan tana duban waya ko za ta yi ƙara. Domin irin wannan mutum, da wadda ya bari a gida, mu ke so mu yi magana yau.

Manzon da ya kwanta ciwo

Wannan wahala tsohuwa ce, har tana cikin Littafi Mai Tsarki. Ku karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, ƙarshen sura 2. Masu bi na Filibi sun ji Bulus yana ɗaure, suka tara gudummawa, suka zaɓi wani daga cikinsu mai suna Abafaroditas ya kai masa, ya kuma zauna ya yi masa hidima. Tun dā yawancin masana sun ɗauka a Roma ne Bulus ya ke tsare a lokacin. In haka ne, tafiyar ta fi kilomita 1,000: a ratsa ƙasar Makidoniya da ƙafa, a shiga jirgin ruwa a haye teku, a sauka ƙasar Italiya, a sāke kama hanya. Fiye da wata guda ke nan ga mai lafiya.

Can a baƙon wuri ciwo ya kayar da Abafaroditas, har aka fara fid da rai gare shi. Ba a faɗa mana irin ciwon ba, amma muna iya gane daɗewarsa. Gama sai da labari ya tafi Filibi cewa ba shi da lafiya, sa'an nan wani labari ya komo cewa mutanen gida sun ji, hankalinsu ya tashi. Zuwa da komowa a wannan hanya watanni ne. Abin da ya fi damun majinyacin kuwa, bisa ga shaidar Bulus, shi ne sanin da ya yi cewa nasa sun ji, suna cikin juyayi, shi kuwa ba shi da hanyar kwantar musu da rai. Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙasar wasu ya san wannan. Ciwo biyu ne a ke jinya lokaci guda, na jiki da na kewa.

Ku lura da abu biyu. Bulus mutum ne wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, kamar uban shugaban tsibirin Malta da ya ke fama da zazzaɓi da atuni. Duk da haka abokin aikinsa ya sha doguwar jinya a gabansa, kuma da ya tashi, Bulus bai ce ƙarfin bangaskiyar wani ne ya tashe shi ba, jinƙan Allah kaɗai ya ambata. A wata wasiƙa ma ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Luka kuwa, abokin tafiyarsa, likita ne. Saboda haka kada kowa ya ce wa mai bi ciwonsa alamar ƙarancin bangaskiya ne.

Abu na biyu, Bulus ya sallami Abafaroditas gida, ya haɗa shi da takarda. An aike shi ya zauna ya yi hidima, ga shi zai koma da ramammen jiki. Bulus ya san bakin mutane. Sai ya riga su, ya jera masa sunayen girma, ya sa shi sahu ɗaya da kansa cikin aikin Almasihu, ya umarci ikkilisiya ta karɓe shi da murna, ta kuma girmama irinsa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Wanda ciwo ya kora sau biyu

Yanzu bari mu matso kusa da tarihinmu. Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka Ikko, watau Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Gowans da Bingham daga Kanada suka taso, Kent kuwa mutumin Amurka ne. Nufinsu su kai bishara Sudan, sunan da a ke kiran dukan ƙasashen da ke kudu da hamada a zamanin, har da ƙasar Hausa. Ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu. Bingham ne ƙaraminsu, bai cika shekara 21 ba tukuna.

Ba su daɗe ba masassara ta kama Bingham. Aka shirya ya tsaya bakin teku ya riƙa aika wa sauran kaya, su biyun suka nufi arewa. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Wanda ciwo ya hana shi tafiya, shi ne ya rayu. A 1895 ya koma Kanada, ya je wurin mahaifiyar Gowans da ɗan abin da ɗanta ya bari. Ita ce kuwa tun farko ta sa masa nawayar ƙasar Sudan a zuciya, kuma mutuwar ɗanta ba ta sa ta janye ba.

Wannan abu ya girgiza bangaskiyar Bingham ƙwarai. Ya yi cuɗanya da mutanen da su ke koyar da cewa mai bi na gaske yana da alkawarin warkewa ta wurin addu'a. To, ga abokansa biyu, masu addu'a, masu biyayya, an binne su a baƙuwar ƙasa. Bai jefar da Littafi ba, sai ya koma ya bincike shi da kyau, ya kuma shiga wani asibiti a Amurka ya koyi ɗan aikin magani. A 1898 ya auri Helen Blair. A 1900 ya bar ta a gida, aurensu bai wuce shekara biyu ba, ya sāke nufo Ikko tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni masassara ta sāke buge shi, aka kwantar da shi asibiti, likitoci suka ce ya koma. Aka sa shi a jirgi. Abokan tafiyarsa kuma zuciyarsu ta karai, suka bi bayansa.

Ku yi tunanin wannan tafiya ta komawa. Makonni a kan teku, jiki ba ƙarfi, matarsa tana can ƙetaren ruwa, mutanen da suka ba da kuɗin jirgi suna jiran labarin nasara, shi kuwa ba abin da ya ke ɗauke da shi sai labarin faɗuwa ta biyu. Shi da kansa ya shaida cewa kwanakin nan suna cikin mafi duhu a rayuwarsa.

Amma da ya murmure bai ce aikin ya mutu ba. Ya gane cewa ba lalle ƙafarsa ce za ta taka ƙasar da fari ba. Ya zauna Toronto yana rubutu, yana yawon roƙon ma'aikata. A 1901 aka aiko waɗansu mutum huɗu, a 1902 suka kafa tasha a Fategi, bakin Kwara, cikin Nufawa. Daga wannan ƙaramin tushe mishan ɗin da a ke kira SIM ya yaɗu. Ya iso Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri da Maraɗi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma wurin jinyar kutare a Danja. Bingham bai ga waɗannan biyu ba, gama ya rasu a 1942. Amma tun 1921 ya rubuta littafi a kan abin da Maganar Allah ta koyar game da jikin mutum, inda ya nuna cewa Allah yana warkarwa, shan magani kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Darasin da ya koya a gadon jinya a Ikko, da bakin kaburburan abokansa, shi ne daga baya ya zama gadaje da likitoci a ƙasarmu.

Abin da su ba su sani ba

Sa'ad da samarin nan uku suka sauka Ikko, ba wanda ya tabbatar da abin da ke kawo masassara. Da yawa suna tsammani mugun tururin fadama ne. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. Sai a 1897, shekara uku bayan rasuwar Gowans da Kent, Ronald Ross ya same ta cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Kwinin kuwa an riga an san amfaninsa. A 1841 jiragen Ingilishi suka hau Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 daga cikinsu. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kowace rana, ya komo bai rasa ko ɗaya ba. Ruwa ɗaya, sauro ɗaya, bambancin kawai ɗan magani mai ɗaci.

Mu kuwa an ba mu fiye da haka nesa. A 1972 wata masaniya a ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da magani daga wani ganye, wanda shi ne tushen ƙwayoyin masassara da a ke bayarwa yanzu. Da ɗigon jini ɗaya daga yatsa a kan gane cutar cikin minti 20. Duk da haka, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023, kusan mutum 600,000 ne masassara ta kashe, mafi yawansu a Afirka, Nijeriya da Nijar kuwa suna cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan mamata. Magabatanmu sun mutu domin ba su sani ba. Abin baƙin ciki ne ƙwarai ɗanmu ya mutu a ɗakin haya, maganin yana kanti a bakin titi, domin kunya ko tsimin kuɗi.

Ga mai tafiya

Ɗan'uwa, kai da ka ke shirin tashi bayan girbi, ga shawararmu.

Tun kana gida ka yi allurar rigakafin shawara, ka karɓi katin nan rawaya. Tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 aka yarda allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Ka sa gidan sauro cikin kayanka, bai fi riga nauyi ba. In kana shan magani kullum, na hawan jini ko ciwon sukari, ka rubuta sunansa a takarda, gama a wata ƙasa da wani suna za ka tarar da shi. Ka rubuta lambar mutum biyu na gida a takarda kuma, ka sa a aljihu, domin waya takan ɓace, takan mutu, mai suma kuwa ba ya iya buɗe ta. Ka roƙi fasto takardar shaida zuwa ga ikkilisiyar garin da za ka. Makon farko ka je ka nuna kanka, kada ka jira ranar da za a kai ka a ɗauke. Zumunta a ƙafa ta ke.

In zazzaɓi ya kama ka, ka je a gwada jini a ranar. Masassara takan bayyana kamar kwana 10 zuwa 15 bayan cizon sauro, saboda haka mai yiwuwa ne ka ɗauko ta daga gida, ta tashi a garin da ba sauro, inda likita ba zai yi zatonta ba. Ka faɗa masa inda ka fito. Haka kuma wanda ya yi shekaru a ƙasar da ba masassara, jikinsa yakan manta da ita, ranar da ya komo takan kama shi kamar baƙo. In an ba ka ƙwayoyin kwana 3, sha 6 ke nan, ka shanye duka da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu. Kada ka rage saura domin wani lokaci. In kuwa ka ga amai ba tsayawa, ko fitsari ya yi baƙi, ko ido ya yi rawaya, ko numfashi yana wuya, ko hankali ya fara gushewa, wannan na asibiti ne nan da nan, ko da tsakar dare ne. In gudawa ce, ka dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa kafin ka kai ga likita. In tari ya wuce mako biyu, a duba majina. Maganin tarin fuka wata 6 ne, wanda ya yanke shi a tsakiya domin ya koma gida ko ya koma aiki, yakan tayar wa kansa cutar da ta fi ta farko wuyar magani.

Sa'an nan ka yi haƙuri da jikinka. Ranar da zazzaɓi ya sauka ba ita ce ranar warkewa ba. Masassara tana farfasa jini, jini kuwa makonni ya ke ɗauka kafin ya komo. Mun sha ganin saurayi ya tashi daga tabarma yau, gobe ya koma dakon siminti domin kwanakin da ya yi hasara suna cin ransa, jibi ya faɗi. Ka ci wake, da ganye, da hanta in ta samu, ka sha ruwa, ka fara da ƙaramin aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma faɗa wa na gida gaskiya. Mun san dalilin ɓoyewa, ba ka so ka tayar mata da hankali. Amma labari ba ya ɓuya a zango. Wani zai faɗa wa wani, kafin ya iso ƙauye an ƙara masa gishiri, mai zazzaɓi ya zama gawa. Abafaroditas ya yi watanni bai iya aika kalma ɗaya ba, kai kuwa abin yana tafin hannunka. Ka kira ta da bakinka, ka ce ga abin da ya same ni, ga abin da likita ya ce, ga wanda ya ke duba ni, ga lambarsa. Muryarka mai rauni ta fi mata shirunka sau dubu. Ku sa lokaci guda kowace rana, ko bayan cin tuwon dare, ku yi addu'a tare, ko da minti biyu ne. Ran da waya ta ƙi, kowa ya san ɗayan yana durƙushe a wannan sa'a.

Ga wadda aka bari a gida

'Yar'uwa, nawayarki ba ta gaza tasa ba. Shi yana da ciwo da zai nuna wa likita, ke kuwa naki ba ya nunuwa. Tarihin mishan ya cika da yabon mazan da suka tafi, ya yi ƙarancin ambaton matan da suka jira. Ku ɗauki Maryamu, matar Likita Dauda Libinston. A 1852 mijinta ya sa ta a jirgi da 'ya'yansu zuwa Ingila, ya shiga tsakiyar Afirka. Shekara huɗu da rabi ba su ga juna ba, tana fama da talauci da kaɗaici a ƙasar da ba ta saba da ita ba, gama a Afirka aka haife ta. Takan yi watanni da yawa ba wasiƙa. Ikkilisiyar da ta bar irin wannan mace ita kaɗai, ta yi laifi, ko da tana yabon mijinta daga kan mumbari.

Saboda haka, matan zumunta, ku san gidajen da maigida ya ke kwance a wata ƙasa. Ku shiga, ku zauna, ku kama mata daka da ɗiban ruwa. Samari, in damina ta faɗi bai komo ba, ku yi masa gayya. Ke kuma, in kin ji jita-jita, ki nemi gaskiya wurin wanda ya gan shi da ido. Kada ki bari a ja ki wurin boka a ce jifa aka yi masa, a cinye ɗan hatsin da ya rage, a kuma haɗa ki gaba da dangi. In ya kira, kada maganar kuɗi ta zama ta fari. Mutum da yawa sun tashi daga jinya ba su warke ba domin an ce musu buhu ya ƙare. Ki faɗa wa dattawa buhu ya ƙare, aikinsu ne su ji.

Ga mu masu masauki

Kamar yadda namu su ke baƙi a garin wasu, haka na wasu su ke baƙi a garinmu. Ran 31 ga Mayu, 1854, Libinston ya isa Luwanda, bakin tekun Angola, zazzaɓi da atuni sun mai da shi ƙashi da fata. Bature ɗaya ɗan ƙasarsa ke garin, Edmund Gabriel, ma'aikacin gwamnati mai lura da hana cinikin bayi. Bai taɓa ganinsa ba, amma ya kwantar da shi a gadonsa na kansa, ya yi jinyarsa har ya tashi. Aka yi wa Libinston tayin jirgi zuwa Ingila wurin iyalinsa, ya ƙi, domin ya yi wa mutanen Makololo da suka rako shi alkawarin mai da su gida. Jirgin da ya ɗauki takardunsa kuwa ya nutse kusa da tsibirin Madera. Yau kowa ya san sunan Libinston, kaɗan ne suka san na mai gadon. Amma ba domin gadon ba, mai yiwuwa da labarin ya ƙare a Luwanda.

Ba dukanmu ne za mu ratsa ƙasashe ba, amma kowannenmu yana da tabarma da kwanon kunu. A asibitocinmu ɗan'uwan majinyaci ne ke dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya sayo magani. Baƙo ba shi da wannan. Ku je ɗakin marasa lafiya ku tambayi ma'aikata wane ne ba mai zuwa wurinsa. Kada ku tambayi addininsa ko kabilarsa kafin ku ba shi ruwa, gama Basamariyen da Ubangiji ya ba da misali da shi bai tambaya ba. Ku ara masa waya ya ji muryar uwarsa. In ba ya jin harshen likita, ku tsaya ku yi tafinta. Muna roƙon dattawa, cikin baikon Jubilin nan a ware wani abu, a sa a hannun mutum biyu amintattu, domin maganin baƙo da kuɗin motarsa zuwa gida.

In ya komo hannu wofi

Yanzu mu koma ga takardar da Bulus ya ba Abafaroditas. Za ku ga ɗanku ya sauko daga mota, ya tafi da ƙiba ya komo da rama, abin da ya tara duka ya tafi ga magani, wataƙila har da bashi. Tsararsa sun komo da babur da atamfa. A wannan rana ce a ke gane ikkilisiya. Tsoron wannan rana ne ya ke sa samarinmu su zauna can suna ɓoye ciwo har ya cinye su. In sun san za a tarye su da murna, da sun komo da wuri, da ransu. Ku fita ku tarye shi, ku yi godiya a gaban jama'a ran Lahadi, ku hana masu ba'a. In da rai da rabo. Da mutanen Toronto sun juya wa Bingham baya a 1900, sun ce ga wanda ya kāsa sau biyu, wa ya san ko da mun taru a nan yau?

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da ya ke da wuyar faɗi. Ba kowane majinyaci ne ya ke tashi ba. Gowans bai tashi ba, Kent bai tashi ba. Maryamu Libinston ma, da ta komo wurin mijinta, masassara ta ɗauke ta a bakin kogin Zambezi a 1862. A cikin taron nan akwai waɗanda aka binne nasu a ƙasar da ba su taɓa gani ba, ba su ko san inda kabarin ya ke ba. Ba mu da amsar dalilin da ya sa aka ɗauki wannan aka bar wancan. Abin da mu ke da shi shi ne Mai Ceto wanda shi ma ya bar gidan Ubansa, ya yi baƙunci a duniya, ya sha wuya, aka sa shi a kabarin aro, ya kuwa tashi a rana ta uku. Ya san inda kowane nasa ya ke kwance. Akwai ƙahon da za a busa wanda ya fi na Isra'ila, a ranar kuwa ba wanda nisa ko ciwo zai hana shi isowa gida.

Kafin wannan rana, ga aikin da ke gabanmu. Bayan an tashi, duk mai wani nasa a wata ƙasa ya ba magatakarda sunansa da garin da ya ke, domin mu rubuta wa 'yan'uwa na can su neme shi, mu kuma riƙa ambatonsa cikin addu'ar Laraba. Yanzu bari mu miƙe tsaye mu yi addu'a dominsu, da waɗanda su ke jiransu, da masu jinyarsu waɗanda ba mu san sunansu ba. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya komo da matafiyanmu lafiya, ya sa mu zama masauki ga baƙo. Amin.